Tukwane Goma Sha Ɗaya a Hawa na Biyar

Yau na buɗe ƙofar baranda
karo na farko tun watan Nuwamba.
Ta cije, sai da na sa mata kafaɗa.
Can ƙasa Plovdiv na ta hamma,
kogin Maritsa ya yi launin shayi da madara,
ƙanƙarar duwatsu ce ta narke ta gangaro.

Tukwane goma sha ɗaya.
Nedyalka ta bar su a jere kamar 'yan makaranta,
ni kuwa na bar su ga sanyi.
Biyu sun tsage tun daga baki har gindi.
Ɗaya tantabaru sun mayar da ita makewayi.
A wata na tsinci guntayen sigarin Stoyan na hawa na shida.
Zan hau in same shi, amma ba yau ba.

Na shimfiɗa tsohuwar jarida, na durƙusa,
gwiwoyina suka faɗi abin da suka saba faɗa.
Shekara talatin da takwas ina gyaran birkin jirgin ƙasa,
ban san ita ƙasar ma tana gajiya ba
sai da na kife tukunyar tumatir
ta faɗo dunƙule, saiwa ta cukuikuye ta
kamar kitson da ya shekara ba a tsefe ba.

Na marmashe ta da yatsu,
na cakuɗa da takin da na hawo da shi
matakala tamanin da huɗu, ina tsayawa ina haki.
Wata tana ta leƙo, tana miƙa.
Yadda aka yi ta hawo bene biyar
ita da Mahaliccinta suka sani.
Na mayar da ita, na rufe.

Irin yana cikin gwangwanin biskit,
ƙulli-ƙulli a takarda, da rubutunta mai karkata:
barkono, faski, tumatir na gidan innata.
Ƙullin ƙarshe babu suna,
sai dai: “Radko, wannan ba doki ba ne,
kada ka shayar da shi da bokiti.”

Na yi dariya ni kaɗai har tari ya sarƙe ni.
Ta san hannuna.
Sau ɗaya tak na taɓa yi mata ban-ruwa,
ya tsiyaya kan shanyar Tsvetana ta hawa na huɗu,
aka yi mako uku ba gaisuwa a matakala.

Da bakin cokali na yi ramuka, zurfin farce,
na sa uku-uku, ko biyu za su ƙi.
Na kife musu kwalaben zuma da suka ƙare,
don Maris tsohuwa ce, haka muke cewa a nan,
da safe ta yi maka murmushi,
kafin yamma ta watsa maka ƙanƙara a ido.

Saura ta kusurwa, furen da muke kira zdravets,
sunansa daga lafiya aka ciro shi,
ga shi kuwa ƙirare ne busassu.
Har na ɗaga shi zuwa kwandon shara,
sai babban yatsana, ba da shawarata ba,
ya kankare bayan kara ɗaya.

Kore.
Ɗan mitsitsi, jiƙaƙƙe, kamar ƙwayar idon mage.

Na daɗe a tsaye da tukunya a ƙirji.

A wuyan hannuna akwai zare ja da fari,
jikata Bilyana ta ɗaura min ran ɗaya ga wata.
Ba a kwance shi sai an ga shamuwa
ko itace ya yi fure.
Na duba sama: hankaka biyu da hayaƙin wani jirgi.
To, wa zai kai ƙarata?
Na ciza ƙullin da sauran haƙorana,
na ɗaura wa karan.

Sannan na auno ruwa, rabin kofin shayi,
na zuba a hankali, ina ƙirgawa.
Na leƙa ta kan ƙarfen baranda.
Zannuwan Tsvetana suna nan a bushe,
iska na kaɗa su.